Ranar Da Na Yi Fatan A Ba Mu Jack Bauer A Azare

Har yau in na rufe ido ina jin bugun agogon nan, lambobi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan baƙin allo. A shagon wani abokinmu da ke unguwar Matsango a Azare muke taruwa bayan sallar isha'i, mu bakwai ko takwas, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a sayi fetur a zuba wa ƙaramin janareta, a saka faifai. Faifai ɗaya tal, amma zango guda cur ne a cikinsa, kashi 24. Tsakanin 2006 da 2008 ke nan. Akwai wani ɗalibin kwalejin ilimi a cikinmu da kunnensa ya fi namu kama Turancin Amurkawa, shi ke mana tafinta in magana ta yi sauri. Da niyyar kallon kashi biyu muke zama, sai dai mu ji ladan ya kira assalatu.

Sunan fim ɗin 24. Tashar Fox ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 6 ga Nuwamba 2001, ko wata biyu ba a cika ba da harin 11 ga Satumba, aka yi ta yi har zango takwas zuwa 2010, aka kuma ƙara wani guntu a 2014. Dabarar waɗanda suka ƙirƙiro shi, Joel Surnow da Robert Cochran, ita ce kowane zango labarin awa 24 ne, kowane kashi awa ɗaya, agogo na gudu a kan idonka. Aktan shi ne Jack Bauer, wanda Kiefer Sutherland ya fito a matsayinsa, jami'in wata ƙagaggiyar hukumar yaƙi da ta'addanci mai suna CTU a birnin Los Angeles. Kullum akwai bam da zai tashi, ko cuta da za a saki, ko shugaban ƙasa da za a harbe, kullum kuma akwai mutum ɗaya ɗaure a kujera wanda ya san sirrin. Jack ba ya jiran takardar kotu. Ya karya yatsa, ya harbi ƙafa, ya jona wa mutum wayar wuta. A zango na biyu har ya sa aka nuna wa wani ɗan ta'adda ta bidiyo kamar an harbe ɗansa, don ya faɗi inda bam yake. Ya kuwa faɗa.

Mun so mutumin nan, kuma na san dalili. Mun tashi a ƙasar da takarda ke shekara a kan tebur tana jiran sa hannu, ƙasar da ɓarawo kan riga wanda ya kai ƙararsa komawa gida. Sai ga wani da ba ya karɓar na goro, ba ya tsoron oga, ba ya barci, ba ya cewa a dawo gobe. An kashe masa mata tun ƙarshen zango na farko, bai fasa ba. Duk matashin da ya taɓa tsayawa a bakin ofis ana masa wulaƙanci, in ya ga irin wannan sai zuciyarsa ta yi sanyi. A lokacin kuma ta'addanci a wurinmu labarin nesa ne, abin da ake ji a BBC da Muryar Amurka game da Bagadaza da Kabul.

Bai daɗe a nesan ba. A farkon Disamba 2011 'yan bindiga suka shigo Azare cikin dare suka far wa ofisoshin 'yan sanda da bankuna, muka kwana a ƙasa muna jin harbi. Amma 2014 ce shekarar da ta karya mana zuciya. Wajen ƙarshen Oktoba bam ya tashi a tashar mota. Ranar Juma'a 7 ga Nuwamba wani ya tashi a tsakiyar masu layin cirar kuɗi a bakin wani banki. Ranar Litinin 10 ga wata muka ji na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, maƙwabtanmu, inda ɗalibai fiye da 40 suka rasu a filin taron safe. Ranar Lahadi 16 ga wata wata mace ta shiga Kasuwar Jagwal, inda ake cinikin waya da gyaranta, ta tayar da abin da ke jikinta, aƙalla mutum goma suka mutu, da dama suka jikkata. Bam uku a gari ɗaya cikin ƙasa da wata guda.

Da yammacin nan na je asibitin tarayya ba da jini. Abin da idona ya gani a barandar nan ba zan rubuta shi a jarida ba. Da na fito, a bakin ƙofa, na faɗa wa wani abokina, ɗaya daga cikin 'yan shagon Matsango, maganar da na daɗe ina tunawa: Allah Ya ba mu Jack Bauer ko guda ɗaya ne. Daga zuciyata na faɗa. Da a daren nan za a kawo mini wani a ce shi ya raka matar nan, a miƙo mini wayar wuta, ban tabbata zan ƙi karɓa ba. Saboda haka duk wanda zai karanta abin da ya biyo baya ya sani ba daga inuwa nake magana ba.

Bayan 'yan makonni aka zo da dare aka tafi da ɗan yayata. Shekarunsa 19, yana koyon gyaran waya. Ba zan faɗi irin kakin da masu ɗaukarsa suka saka ba, domin ba wata hukuma nake nufi da wannan rubutu ba, hali nake nufi. Abin da ya ja masa shi ne an ga lambarsa a cikin wayar wani da aka kama. Duk mai gyaran waya ya san yadda hakan ke faruwa: in ka canza sifika ko makirfo, sai ka kira lambarka ka ji ko murya na fita. Kwana 11 ya yi. Ya faɗi gaskiya a rana ta farko, ba a karɓa ba. Ya maimaita a ta biyu da ta uku. Da duka ya kai inda ya kai, aka ce sunaye ake so, sai ya ba da sunayen yara biyu da suke buga ƙwallo tare, domin su ne suka fara zuwa bakinsa. Aka je aka kwaso su. Sai da mai unguwa da wasu dattawa suka yi ta sintiri kafin a sako su ukun, ba tuhuma, ba kotu, ba ko sannu. Mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran nan, wadda suka yi shekara ashirin suna biki da suna tare da Yaya, har yau in sun haɗu a hanya sai ta kau da kai. Ban ga laifinta ba. Ban kuma ga laifin yaron ba.

A cikin kwana 11 ɗin nan na gane abin da ban gani ba duk shekarun da na yi ina kallo. Jack Bauer yana da abin da babu jami'in tsaron da ke da shi a duniya, wato marubuci. Marubucin ne ya dasa bam ɗin, shi ya saita agogon, shi ya ɗaure mutumin a kujera, ya kuma riga ya nuna mana a kashin baya cewa mai laifi ne. Shi ya sa in Jack ya ɗaga guduma muke cewa ƙara masa. Jami'in da ya tsaya a kan ɗan yayata ba shi da kashin baya da zai koma ya duba. Lamba ce kawai a hannunsa, da fushi, da oga da ke jiran sakamako kafin gari ya waye. Kuma duka ba ya tace gaskiya daga ƙarya. Abin da yake fitarwa shi ne duk maganar da wanda ake duka ya zaci za ta sa a daina.

Fim ɗin ma kansa ya san ana kuskure, sai dai dubi yadda yake wucewa ta kai. A zango na huɗu an zargi wata ma'aikaciyar CTU, Sarah Gavin, da zama 'yar leƙen asiri, aka gana mata azaba da na'urar wuta, daga baya aka gano sharri aka yi mata. Cikin yinin nan ta koma teburinta ta ci gaba da danna kwamfuta. Muka kalla, ba wanda ya ce uffan a shagon. A zahiri wanda aka yi wa haka ba ya komawa tebur. Yaron namu wata shida ya yi ba ya iya kwana a ɗaki shi kaɗai.

Su kansu Amurkawan da aka yi fim ɗin dominsu, masu sanin aikin cikinsu ba su yarda da shi ba. A Nuwamba 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na kwalejin sojan West Point, ya tashi takanas ya je California ya gana da masu shirya 24, tare da wasu ƙwararrun masu yi wa fursuna tambayoyi. Kokensa shi ne ɗalibansa, hafsoshin gobe, suna kallon Jack suna ɗauka haka ake yi, har koyar da su dokar yaƙi ya zama aiki. Wata ƙungiyar iyaye mai sa ido kan talabijin ta ƙirga wurare 67 da aka nuna azabtarwa a zango biyar na farko kaɗai. Sannan ranar 9 ga Disamba 2014, mako uku da 'yan kwanaki bayan bam ɗin Jagwal, kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Dianne Feinstein ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa kan azabar da hukumar CIA ta gana wa fursunoni. Ɗaya daga cikin fursunonin, Khalid Sheikh Mohammed, shi kaɗai sau 183 aka shaƙe shi da ruwa. Hukuncin kwamitin shi ne hanyar ba ta kasance ingantacciyar hanyar samun bayani ba, kuma fursunonin sun yi ta ƙirƙiro labarai don a sassauta musu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai ya ci ƙasa guda. Wani ɗan Libiya, Ibn al-Shaykh al-Libi, da aka miƙa wa Masar, ya ce gwamnatin Saddam Hussein ta koya wa Alƙa'ida haɗa makamai masu guba. Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya ɗauki maganar ya kai gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairu 2003, wata mai zuwa aka afka wa Iraƙi. A 2004 mutumin ya janye maganarsa, ya ce azaba ce ta sa ya ƙirƙira. Kwatanta wannan da aikin Ali Soufan, jami'in FBI haifaffen Lebanon mai jin Larabci, wanda ya zauna da Abu Jandal, tsohon mai gadin Usama bin Laden, a kurkukun Yaman kwanaki kaɗan bayan 11 ga Satumba. Ya lura mutumin bai taɓa biskit ɗin da aka ajiye da shayi ba saboda yana da ciwon suga. Zama na gaba ya zo masa da wanda ba suga. Da wannan, da sanin tarihin ƙungiyar ciki da bai, da iya jera tambaya, ya sa Abu Jandal ya gane fuskokin maharan a hotuna ya tabbatar 'yan Alƙa'ida ne. Ba a yin fim mai zango takwas da biskit, shi ya sa ba mu san sunan Soufan a shagon Matsango ba.

Amma me ya kai ni Yaman, ga namu a gida? Rikicin Boko Haram na Yuli 2009 a garin Bauchi ya fara, ranar 26 ga wata, kafin ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. Ranar 30 ga wata sojoji suka kama shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, bayan 'yan awoyi aka nuna gawarsa. Mutane da yawa sun yi murna a ranar, suka ce an kashe maciji. An kashe mutumin da ya fi kowa sanin waye ya ba da kuɗi, waye ya ba da fili, waye ya kau da kai, ba tare da alƙali ya yi masa tambaya ko ɗaya ba. Aka kuma kashe surukinsa, dattijo Baba Fugu, wanda daga baya kotu ta ce a biya iyalansa diyyar naira miliyan 100. Abin da ya biyo baya mun gani: Abubakar Shekau, da fasa gidan yarin Bauchi ranar 7 ga Satumba 2010 inda fursunoni fiye da 700 suka tsere, da wa'azin ramuwa da ya zame musu abin jan yara. Hanyar da ta kawo bam Kasuwar Jagwal ta bi ta wannan rana.

A Yuni 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja a arewa maso gabas tun daga 2011. Rundunar soja ta musanta rahoton. To a ajiye shi, a ɗauki alƙaluman gwamnati da kanta. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoba 2017, zaman farko an ɗaure 45, an sallami 468 saboda babu abin da za a tuhume su da shi. Da yawansu sun yi shekaru a kulle. Kowane ɗaya yana da uwa, yana da ƙanne da suka ga daren da aka tafi da shi. A shekarar nan ta 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da binciken da ta yi ta hanyar hira da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga ƙungiyoyin ta'adda a Afirka, har da Najeriya. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunkuɗa su na ƙarshe wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Kamun kan mai uwa da wabi noma ne ake yi wa abokin gaba a gonarsa kyauta.

Na san abin da za a ce mini, domin ana faɗa mini a majalisa. Za a ce waɗanda suka saka wa yarinya bam ba su san wata doka ba. Za a ce sojojin da suka mutu a Baga da Metele su ma 'ya'yan wasu ne, kuma ni da nake kwance a gida da albarkacinsu nake kwance. Duk gaskiya ne, kuma ina girmama duk wanda ya ɗauki bindiga ya tsaya tsakaninmu da waɗannan mutane. Wanda ya fito fagen daga da makami, a yaƙe shi. Maganata a kan wanda ya riga ya shiga hannu ce, yana ɗaure, ba shi da komai sai jikinsa. A wannan ɗaki babu sauran yaƙi, bincike ne ya rage, bincike kuwa sana'a ce mai son haƙuri da ilimi da kayan aiki. Ko a cikin 24, in ka lura da kyau, yawancin lokaci Chloe O'Brian da ke zaune gaban kwamfuta ita ke bin sawun waya da hotunan tauraron ɗan'adam ta gaya wa Jack ƙofar da zai fasa. Mu mun kwaikwayi fasa ƙofar, mun bar wancan ɓangaren da ke cin kuɗi da horo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin ya fita daga bariki ya shigo cikinmu. A farkon Maris 2015 a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi jama'a suka yi wa wata mata dukan kawo wuƙa suka cinna mata wuta bisa zargin bam ne a jikinta, ba a samu bam ba. A ƙarshen Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan arewa da ke hanyar komawa Kano yin sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Ranar nan duk arewa ta yi kuka tana tambayar ina bincike, ina kotu. Waɗanda suka yi aikin nan su ma a ransu gari suke ceta, su ma gani suke ba lokacin jiran hukuma. In zargi ya isa hujja, to mu masu dogayen riguna da hula, masu sunan Muhammadu da Usmanu, mu ne farkon shiga kujerar a mafi yawan tashoshin duniya. Zango na huɗu na 24 ma a kan wani gidan Musulmi aka gina shi, mata da miji da ɗansu, maƙwabtan kirki a fuska, 'yan ta'adda a ɓoye, har sai da ƙungiyoyin Musulmin Amurka suka yi ƙorafi aka sa Kiefer Sutherland ya fito ya yi sanarwar cewa kada a yi wa Musulmi kuɗin goro. Mu muna Azare muna tafa wa Jack, ba mu tsaya mun duba da wa mutumin kujerar ya yi kama ba.

Ba dokar ce babu ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24 ta cika. Wannan ce 24 ɗin da ya kamata yaranmu su haddace. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka tatsa da ƙarfi, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, sannan dokar hana azabtarwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Disamba 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta kuma ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ko umarnin oga ba uzuri ba ne. Wanda kuma yake ganin wannan duk fi'ilin Nasara ne, ya tambayi malamin zaurensu me ya sa aka yi wa Imamu Malik bulala a Madina har kafaɗarsa ta goce. Saboda ya tsaya a kan cewa sakin da aka tilasta wa mutum bai saku ba, masu mulki kuma suka gane fatawar ta shafi mubaya'ar da suka karɓa da takobi. A ƙasar Guddiri mazhabarsa muke bi tun kafin Malam Zaki ya kafa Katagum. Mun daɗe da sanin cewa maganar da aka matso daga bakin mutum ba tasa ba ce.

Abin da ke tsare gari irin namu, wanda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, baƙi na sauka dare da rana, shi ne ido da bakin mutanensa. Mai unguwa ya san gidan da aka kama haya jiya. Ɗan kamasho ya san fasinjan da jakarsa ta yi nauyin da bai dace ba. Mai shayi, mai cajin waya, ɗan acaɓa, mai sayar da taki da ya ga wanda ba manomi ba ya zo saye da rani. Tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa da muka gada an gina shi ne don labari ya hau sama da wuri. Amma labari ba ya hawa sai mai kawo shi ya tabbata zai kwana a gidansa, kuma wanda ya ambata za a bincike shi ne ba a sumar da shi ba. Wannan tabbaci shi ne abin da kwana 11 ɗin nan suka cinye a gidaje uku na unguwarmu, da duk gidajen da suka ji labari.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na zauna a rumfar ɗan yayata, yanzu yana da tasa, da yara biyu masu koyo. Wasu samari na jiran wayoyinsu suna kallon wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, an ɗaure wani da aka ce mai kai wa 'yan bindiga bayani ne, fuska a kumbure, yana lissafo sunaye. Ɗayansu ya ce ai irin waɗannan sai da haka. Shi bai ɗago kai ba. Da suka tafi na ce masa, yanzu in wani ya kawo maka gyara ka ga abin da ya tsorata ka a cikin wayarsa, wa za ka faɗa wa? Ya daɗe yana goge allon da ke hannunsa, sannan ya ce, "Kawu, gyara masa zan yi in ba shi abarsa, in ce Allah Ya kiyaye hanya." Sai ya miƙo mini wayar ya ce in danne masa murfin ya ɗaura noti, domin babban yatsansa na hagu har yanzu ba ya riƙo.